Yadda rubutu ke lalacewa shiru a cikin ajiyayyun tsare-tsaren rumbun bayanai

Bayanan da mutane ke shigarwa a rumbun makaranta ko na asibiti ko na ƙungiyar adashe ba sa zuwa a tsabtace. Wani zai rubuta suna ya bar sarari biyu a tsakiya, wani zai sa lambar waya da alamar ƙasa, wani kuma zai kwafo komai daga Excel tare da haruffan da ido ba ya gani. Saboda haka masu kula da rumbu da yawa sukan ɗora aikin gyaran a kan ajiyayyen tsari, wato jerin umarnin SQL, harshen da ake ba rumbun bayanai umarni da shi, da ake rubutawa sau ɗaya da CREATE PROCEDURE, a ajiye shi a cikin rumbun kansa, sannan kowace manhaja ta riƙa kiran sa da sunansa. A cikin manhajojin rumbun bayanai, MySQL ya sami wannan dama a fitowarsa ta 5.0 a shekarar 2005. PostgreSQL ya daɗe yana da harshen PL/pgSQL, amma umarnin CREATE PROCEDURE bai shigo ba sai a fitowa ta 11 a 2018, alhali Oracle da SQL Server sun riga su da shekaru masu yawa. Akwai ma'auni na bai ɗaya mai suna SQL/PSM tun 1996, sai dai kowane kamfani ya bi shi ne gwargwadon abin da ya dace da kayansa, kuma daga wannan bambanci ne yawancin ruɗanin da za a tattauna a nan ya samo asali.

Abubuwa biyu ne ke ɗaukar kusan duk aikin irin wannan tsari. Na farko shi ne mazubi, wato wurin da tsari ke riƙe wata ƙima na ɗan lokaci kafin ya yi amfani da ita. Na biyu shi ne ayyukan sarrafa rubutu, irin su TRIM da REPLACE da SUBSTRING da CONCAT. Idan aka yi kuskuren nahawun SQL, rumbu yakan ƙi karɓar tsarin nan take, a gyara cikin minti kaɗan. Kurakuran da ke tattare da mazubi da rubutu kuwa, mafi yawansu ba sa tayar da ƙara ko kaɗan: tsari zai gudana har ƙarshe, ya bayar da rahoton nasara, alhali ya ajiye sunan da aka guntule ko lambar wayar wani mutum daban, kuma ba za a gane ba sai bayan watanni.

A MySQL mazubi iri biyu ne, kuma bai kamata a ɗauke su abu ɗaya ba. Wanda ake ayyanawa da DECLARE a farkon BEGIN yana da nau'in da aka ƙayyade masa, yana rayuwa ne a tsakanin BEGIN da END kawai, kuma kowane kira yana farawa da sabo, wanda ƙimarsa NULL ce, wato alamar rashin ƙima, idan ba a ba shi DEFAULT ba. Wanda ake rubutawa da alamar @ a gabansa ba ya bukatar ayyanawa, nau'insa yana bin duk abin da aka zuba masa a ƙarshe, kuma yana nan daram har sai haɗin da ke tsakanin manhaja da rumbu ya yanke. Wannan dawwama ita ce haɗarinsa. Manhajojin intanet ba sa buɗe sabon haɗi ga kowane mai amfani, sukan tanadi wasu kaɗan su riƙa juya su a tsakanin mutane, don haka idan ba a wanke haɗin ba kafin a miƙa shi ga na gaba, abin da aka bari a @suna yayin aikin mutum na farko yana iya bayyana a aikin na biyu. Wanda ya fito daga SQL Server yakan faɗa wannan rami cikin sauƙi, domin a can kowane mazubi na cikin gida da @ yake farawa, kuma dole ne a ayyana shi, saboda haka yakan ɗauka cewa @suna na MySQL ma na cikin gida ne. Ƙari a kan haka, idan aka yi kuskuren harafi ɗaya a sunan mazubi mai @ a MySQL, rumbu ba zai ce komai ba, zai ɗauke shi sabon mazubi mai ƙimar NULL.

Akwai kuma matsalar suna. Idan tebur yana da kolam mai suna waya, kuma tsarin ya karɓi mazubi mai suna waya, to a MySQL mazubin ne ke rinjaye. Sharaɗin WHERE waya = waya sai ya zama kwatanta mazubi da kansa, wanda gaskiya ne a kowane layi muddin ƙimar ba NULL ba ce, kuma idan umarnin DELETE ne ko UPDATE, teburin gaba ɗaya ya tafi. PostgreSQL yakan ƙi irin wannan shubuha ya tayar da kuskure. Maganin a MySQL ɗabi'a ce kawai: a sa p_ a gaban abin da tsari ke karɓa daga waje, a sa v_ a gaban mazubin cikin gida, kada sunan ɗayansu ya taɓa yin daidai da na kolam.

Zuba ƙima a mazubi yana da hanyoyi biyu, SET da kuma SELECT, kuma a nan ne ya kamata a daɗe, domin tambayoyi biyu ne ke raba rumbunan: me zai faru idan binciken bai sami layi ko ɗaya ba, kuma me zai faru idan ya sami fiye da ɗaya. A SQL Server, idan aka rubuta SELECT @waya = waya FROM iyaye WHERE lamba = @lamba kuma babu layin da ya dace, @waya yakan ci gaba da riƙe abin da ke cikinsa tun da farko. Idan layukan sun yi yawa, sai ya ɗauki na ƙarshe da ya ci karo da shi, ba tare da gargaɗi ba, kuma in babu ORDER BY ba wanda zai iya cewa wane ne na ƙarshen. Idan kuwa aka yi amfani da SET tare da binciken a cikin baka, rashin layi yakan bayar da NULL, yawan layuka kuma ya tayar da kuskure mai lamba 512. SELECT yana da fa'idar cika mazubai da yawa a karo ɗaya, abin da SET na SQL Server ba ya yi, amma farashin wannan sauƙi shi ne shirun da yake yi.

A MySQL ana rubuta SELECT waya INTO v_waya. Idan layuka sun wuce ɗaya, kuskure mai lamba 1172 zai tsayar da tsarin, wanda abu ne mai kyau. Idan babu layi kuwa, gargaɗi ne kawai mai lamba 1329, mazubin kuma ya zauna yadda yake. Oracle ya fi kowa tsauri, domin yakan tayar da ORA-01403 idan babu layi, ORA-01422 idan sun yi yawa. PostgreSQL yakan zuba NULL idan babu layi, ya ɗauki layin farko idan sun yi yawa, sai dai in an ƙara kalmar STRICT bayan INTO, a nan ne zai yi irin halin Oracle.

Muhimmancin wannan ba ya fitowa sosai sai a cikin zagaye. A ɗauka cewa tsari yana bin ɗalibai ɗaya bayan ɗaya yana neman lambar wayar mahaifin kowanne don a tura masa sakamakon jarabawa. Ɗalibi na tara yana da lamba, na goma ba shi da ita a tebur. A SQL Server da MySQL mazubin zai ci gaba da riƙe lambar mahaifin na tara, sai sakamakon na goma ya tafi gidan da ba nasa ba. Abin da ake yi shi ne a mayar da mazubin NULL a farkon kowane zagaye, ko a yi amfani da SET tare da bincike a cikin baka. A SQL Server, rubuta DECLARE a cikin zagayen ba ya wanke mazubin idan ba a haɗa shi da ƙimar farko ba, duk da cewa ga ido yana kama da sabon ayyanawa a kowane karo. MySQL yana da wani tarko na daban a wuri ɗaya. Zagayen da ke bin CURSOR, wato abin da ke miƙo layukan bincike ɗaya bayan ɗaya, yakan dogara da DECLARE CONTINUE HANDLER FOR NOT FOUND don ya san lokacin da layuka suka ƙare, amma SELECT ... INTO da bai sami layi ba shi ma wannan yanayin yake tayarwa. Da an kai ɗalibi na goma, alamar ƙarewa za ta tashi, zagayen ya tsaya, sauran ɗalibai ɗari biyu su zauna ba a taɓa su ba, tsarin kuma ya dawo kamar ya kammala. Ana kauce wa wannan ta hanyar sa binciken a cikin nasa BEGIN da END mai nasa HANDLER, ko kuma a yi amfani da SET, wanda ke bayar da NULL ba tare da tayar da NOT FOUND ba.

Game da alamar daidai, a cikin SET na MySQL ana iya rubuta = ko :=, duk ɗaya ne. A cikin SELECT kuwa, = kwatantawa ce, don haka SELECT @a = 5 tambaya ce ko @a biyar ne, amsarta 1 ko 0 ko NULL, ba ta zuba komai. An daɗe ana amfani da SELECT @a := @a + 1 don ƙirga layuka, amma MySQL bai taɓa yin alƙawarin jerin da zai bi wajen lissafa irin wannan ba, kuma tun fitowa ta 8.0.13 ya ayyana cewa za a daina goyon bayan zuba ƙima a mazubi mai @ a wajen SET. ROW_NUMBER ya ɗauke wannan aiki tun 8.0.

Girman mazubi ma yana cin mutane. A SQL Server, DECLARE @suna VARCHAR ba tare da tsawo ba yana nufin harafi ɗaya tak, a cikin CAST kuma yana nufin talatin. Idan aka zuba rubutu mai tsawo a mazubin da bai kai shi ba, SQL Server yakan yanke shi shiru, duk da cewa da a kolam ɗin tebur aka zuba shi da ya yi ƙorafi. MySQL a yanayinsa na tsauri, wanda ya zama na asali tun 5.7, yakan tayar da kuskure 1406. Sai dai akwai abin da ba kowa ya lura da shi ba: MySQL yana ajiye sql_mode, wato saitin tsauri ko sassauci, na lokacin da aka ƙirƙiri tsarin, kuma da shi zai riƙa gudanar da shi har abada, ko da an sauya saitin rumbun daga baya. Tsarin da aka rubuta shekaru da suka wuce a yanayi mai sassauci zai ci gaba da yanke rubutu har sai an goge shi an sake ƙirƙira.

Yanzu ga ayyukan rubutun kansu. Ga wani tsari na MySQL da ke karɓar cikakken suna ya raba shi biyu:

CREATE PROCEDURE shigar_dalibi(IN p_suna VARCHAR(200))
BEGIN
  DECLARE v_suna VARCHAR(200);
  DECLARE v_farko VARCHAR(200);
  DECLARE v_saura VARCHAR(200) DEFAULT NULL;
  DECLARE v_gurbi INT;

  SET v_suna = TRIM(p_suna);
  WHILE LOCATE('  ', v_suna) > 0 DO
    SET v_suna = REPLACE(v_suna, '  ', ' ');
  END WHILE;

  SET v_gurbi = LOCATE(' ', v_suna);
  IF v_gurbi = 0 THEN
    SET v_farko = v_suna;
  ELSE
    SET v_farko = LEFT(v_suna, v_gurbi - 1);
    SET v_saura = SUBSTRING(v_suna, v_gurbi + 1);
  END IF;

  INSERT INTO dalibai (sunan_farko, sauran_suna)
  VALUES (v_farko, v_saura);
END

Kowane layi a nan yana da dalilinsa. An sa REPLACE a cikin WHILE ne saboda wucewa ɗaya ba ta isa: sarari uku a jere sukan koma biyu, sai an sake bi kafin su zama ɗaya. An ajiye sakamakon LOCATE a mazubi an duba shi kafin a yanka, domin LOCATE yakan bayar da sifili idan bai sami abin da yake nema ba. Da an rubuta LEFT(v_suna, LOCATE(' ', v_suna) - 1) kai tsaye, sunan da bai da sarari zai sa tsawon ya zama -1, MySQL kuma ya dawo da rubutu fanko ba tare da magana ba. SQL Server a irin wannan hali da CHARINDEX, takwaran LOCATE a can, yakan tayar da kuskure 537, kuma a ganina wannan ya fi alheri, domin mutum zai san akwai matsala. Wasu sukan gajarce aikin da SUBSTRING_INDEX, su ba shi 1 don abin da ke hagu da sarari, -1 don abin da ke dama. Yana aiki da kyau har sai an zo kan suna guda, domin idan bai sami sarari ba yakan dawo da rubutun gaba ɗaya, sai a wayi gari da ɗalibi mai suna Ɗahiru Ɗahiru.

Ko da lissafin ya yi daidai, zaton da ke ƙarƙashinsa na iya zama kuskure. Yanka suna a sararin farko ya ginu ne a kan cewa sunan yanka kalma ɗaya ce, alhali Muhammad Sani da Abubakar Sadiq da Nana Asma'u sunaye ne guda duk da cewa kalmomi biyu ne, kuma abin da ke biyo baya na iya zama sunan mahaifi ko na kaka ko na gari. Babu aikin rubutu da zai iya gane wannan. Shawarar da ta fi dacewa ita ce a ajiye cikakken sunan yadda mai shi ya rubuta a kolam na musamman, a ɗauki rabawar a matsayin ƙoƙari kawai da mutum zai iya gyarawa daga baya.

TRIM a yanayinsa na asali sarari kawai yake cirewa. Ba ya taɓa alamar tab, ba ya taɓa CHAR(13) da fayilolin Windows ke bari a ƙarshen layi, ba ya kuma taɓa sararin nan da ba ya karyewa wanda ake kwafowa daga shafukan intanet. Suna zai yi kama da tsabtatacce a allo amma ya ƙi daidaituwa da ɗan'uwansa, kuma hanya mafi sauri ta gano dalili ita ce a duba shi da HEX, wanda ke nuna lambobin da ke ƙarƙashin kowane harafi. SQL Server ma bai sami TRIM ba sai a fitowar 2017, shi ya sa tsofaffin tsare-tsare ke cike da LTRIM da RTRIM a haɗe.

Jerin abubuwan da ake ba wa aikin nema ya bambanta, kuma juya su ba ya tayar da kuskure. LOCATE na MySQL da CHARINDEX na SQL Server suna fara karɓar abin da ake nema, sannan inda za a nema. INSTR na MySQL da na Oracle da strpos na PostgreSQL akasin haka suke. Dukansu daga ɗaya suke fara ƙirga, ba daga sifili ba kamar Python ko JavaScript, kuma idan aka ba SUBSTRING sifili a matsayin mafari, MySQL zai dawo da fanko, Oracle zai ɗauke shi ɗaya, SQL Server da PostgreSQL kuma za su rage harafi ɗaya daga tsawon da aka nema.

Batun tsawo ya shafi mai rubuta Hausa kai tsaye. A MySQL, LENGTH bayit yake ƙirgawa, wato gurbin da rubutu ke ci a ma'ajiyar kwamfuta, CHAR_LENGTH kuma haruffa. Ga rubutun da ba shi da harafi mai lanƙwasa amsarsu ɗaya ce, shi ya sa kuskuren ke ɓoyewa a lokacin gwaji. Amma ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, manya da ƙanana, kowanne bayit biyu yake ci a UTF-8, alamar naira ₦ kuma uku. Sunan Ɗahiru haruffa shida ne amma bayit bakwai. A ɗauka an haɗa jerin sunaye da waƙafi a tsakani, ana so a cire waƙafin ƙarshe da LEFT(v_jeri, LENGTH(v_jeri) - 1). LEFT haruffa yake ƙirgawa, don haka idan akwai harafi mai lanƙwasa ko da ɗaya ne a jerin, adadin da aka ba shi zai kai tsawon rubutun gaba ɗaya, waƙafin kuma ya zauna. Ajin da babu Ɗahiru ko Ɗanladi zai fito daidai, ajin da suke ciki ya fito da ɓaraka, mai gyara kuma ya rasa abin da ya bambanta su. A SQL Server akwai LEN da DATALENGTH, na farko haruffa na biyu bayit, sai dai LEN ba ya ƙirga sararin da ke ƙarshen rubutu, wanda shi ma yakan karkatar da irin wannan lissafi.

Kafin ma a kai ga ƙirga, dole ne haruffan su isa mazubin lafiya. A SQL Server, VARCHAR da ke kan tsarin haruffan Yammacin Turai ba shi da gurbin ƙ ko ɗ, kuma abin da aka fi gani a madadinsu shi ne alamar tambaya. Ana bukatar NVARCHAR, tare da harafin N a gaban rubutun, kamar N'Ɗahiru'. Idan aka manta da N ɗin, harafin ya riga ya lalace kafin ya shiga mazubin, ko da mazubin NVARCHAR ne. Tun fitowar 2019 ana iya zaɓen UTF-8 ga VARCHAR ma. A MySQL kuwa utf8mb4 ne na asali tun 8.0 da ya fito a 2018, amma tsohon rumbun da aka gina a kan latin1 yana nan da halinsa, kuma mazubin da aka ayyana ba tare da faɗar tsarin haruffansa ba yakan gaji na rumbun a lokacin da aka ƙirƙiri tsarin. Idan aka sabunta tebur aka bar tsarin, sai a fara ganin kuskure 1267, wanda ke cewa an cakuɗa ƙa'idojin kwatanta haruffa da ba sa jituwa. Har ila yau, ga MySQL Ɗ da D haruffa biyu ne daban, don haka neman Dahiru ba zai kawo Ɗahiru ba, kuma tun da mutane da yawa ba su da haruffan a madannansu, yana da amfani a tanadi kolam na biyu don bincike kawai, wanda aka mayar da masu lanƙwasa zuwa marasa lanƙwasa da REPLACE. A tuna cewa REPLACE na MySQL yana bambanta babban baƙi da ƙarami, saboda haka sai an bi ɗ da Ɗ kowanne da nasa.

NULL a wajen haɗa rubutu shi ne inda rumbunan suka fi saɓawa. CONCAT na MySQL yakan mayar da sakamakon duka NULL idan ɗaya daga cikin abubuwan da aka ba shi NULL ne, don haka a misalin da ke sama, haɗa v_farko da v_saura ga mai suna guda zai shafe sunan baki ɗaya. CONCAT_WS yakan tsallake NULL, kuma shi ya fi dacewa da wannan aiki. A SQL Server alamar + ce ke bayar da NULL, CONCAT kuma, wanda ya shigo a 2012, yana ɗaukar NULL tamkar fanko. PostgreSQL haka yake da || da concat. Oracle ya ɗauki rubutu fanko da NULL abu ɗaya ne, || ɗinsa kuma ba ya damuwa da NULL. Wanda ya kawo + zuwa MySQL zai sami lissafi, domin zai yi ƙoƙarin mayar da sunayen lambobi ya ba shi sifili, || kuma a can yana nufin OR muddin ba a kunna PIPES_AS_CONCAT ba. GROUP_CONCAT yana da iyakar 1024 a saitinsa na asali, kuma abin da ya wuce haka yakan yanke shi da gargaɗi kawai. LPAD ma, da ake cika lambar rajista da sifili da shi, yakan datse duk rubutun da ya fi tsawon da aka ba shi, ta yadda ɗalibi mai lamba 12345 zai koma 1234 idan an ce huɗu, ya yi karo da wani.

Lambar waya rubutu ce, kuma mazubinta ya zama VARCHAR. Lambar Najeriya alƙaluma goma sha ɗaya ce da ke farawa da sifili, kuma mazubin lissafi zai jefar da sifilin. Goman da suka rage sun wuce iyakar INT, wato 2,147,483,647, don haka a yanayin tsauri za a sami kuskure, a yanayi mai sassauci kuma kowa ya tashi da wannan adadi a matsayin lambarsa. Gyaran da ya dace shi ne a fara cire sarari da karan tsakiya da alamar +, sannan a duba mafari da tsawo tare: idan ta fara da 234 kuma alƙaluma goma sha uku ne, a cire ukun farko a sa sifili, idan goma ne, alama ce ta cewa Excel ya cinye sifilin. Lambar Nijar alƙaluma takwas ce, alamar ƙasarta 227, don haka rumbun da ke hidimar mutanen Maraɗi da Katsina a lokaci guda ba zai iya aiki da ƙa'ida ɗaya ba. Abin da bai shiga ko ɗaya daga cikin siffofin da aka sani ba, a tayar masa da kuskure da SIGNAL a MySQL ko THROW a SQL Server, maimakon a ajiye shi yadda ya zo.

Sai alamar hamza, wadda ke cikin Sa'adatu da Mu'azu da Isma'il da 'yan'uwa. Ita ce kuma alamar da SQL ke buɗe rubutu da rufe shi da ita, shi ya sa a cikin umarni ake ninka ta, a rubuta 'Sa''adatu'. Muddin sunan yana cikin mazubi kuma ana amfani da mazubin kai tsaye a INSERT ko WHERE, babu matsala. Matsalar takan taso ne idan aka gina umarnin SQL da CONCAT, aka manna sunan a ciki, sannan aka gudanar da shi. Hamzar Sa'adatu za ta rufe rubutun tun kafin lokaci, umarnin ya karye. Wannan ƙofar da suna marar laifi ya bankaɗe ita ce kuma wadda mai mugun nufi ke bi ya cusa nasa umarnin, don haka duk tsarin da Mu'azu ya karya, ɓarawon bayanai ma zai iya shiga ta wurin. Ninka hamzar da REPLACE faci ne da ba ya rufe kowace kafa, musamman a MySQL inda karan baya (\) ma ke da ma'ana ta musamman a cikin rubutu. Hanyar da ta inganta ita ce a raba umarni da ƙima: a SQL Server a yi amfani da sp_executesql a miƙa masa ƙimomin daban, a PostgreSQL EXECUTE tare da USING, a MySQL kuma PREPARE mai alamar tambaya a gurbin kowace ƙima. A nan ne kaɗai mazubi mai @ ya zama dole a MySQL, domin PREPARE da EXECUTE ... USING ba sa karɓar mazubin cikin gida, sai a kwafe ƙimar zuwa @ dab da kiran, a mayar da shi NULL bayan an gama. Sunan tebur ko na kolam ba ya shiga gurbin alamar tambaya, don haka idan daga waje yake zuwa, a SQL Server a bi da shi ta QUOTENAME, a PostgreSQL ta format mai %I, a MySQL kuma a tabbatar yana cikin information_schema kafin a manna shi.

Hamzar ma ba iri ɗaya ba ce. Akwai miƙaƙƙiya ta madannai, akwai lanƙwasasshiya da Word da wasu wayoyi ke sakawa da kansu, akwai kuma ta uku da wasu masu rubuta Hausa ke zaɓa saboda Unicode ya ɗauke ta harafi. A ido kusan ɗaya suke, amma lambobinsu daban ne, kuma Sa'adatu ɗaya na iya zama mutum uku a tebur idan tsarin shigarwa bai mayar da su siffa ɗaya ba. Haka nan abin da ake rubutawa 'y a Najeriya ƴ ne a Nijar, kuma kolam ɗin bincike ya kamata ya haɗa su wuri ɗaya.

Duk wannan gyara a lokacin shigar da bayanai ya kamata a yi shi. Idan aka bar shi sai lokacin bincike, aka rubuta WHERE UPPER(TRIM(suna)) = v_suna, rumbu ba zai iya amfani da fihirisar da ke kan kolam ɗin suna ba, wato jerin da ke hanzarta bincike, sai ya bi layuka duka yana lissafa kowanne. A tebur mai layi ɗari biyar ba za a ji nauyin ba, a mai miliyan biyu kuwa binciken da ya kamata ya ƙare nan take zai riƙa ɗaukar daƙiƙoƙi masu yawa. PostgreSQL da Oracle sun daɗe suna ba da damar gina fihirisa a kan sakamakon aiki, MySQL ya samu haka a 8.0.13, SQL Server kuma yana yin sa ta hanyar kolam mai lissafa kansa, sai dai a kowannensu dole ne abin da aka rubuta a WHERE ya yi daidai da abin da aka gina fihirisar a kansa kafin rumbu ya yi amfani da ita.